An Ce Hamdiya Ba Ta Wanka

Hamdiya tana da shekara goma sha huɗu aka ware mata kwano a gidan ubanta. Ba a yi faɗa ba, ba a yi shawara ba. Da rana ne, an sauke shinkafa da wake, ita da yayarta Safiyyatu da ƙannensu mata biyu sun kewaye faranti ɗaya kamar kullum, sai uwarsu Maimuna ta zo ta ɗebi kaɗan a wani tsohon kwano, ta kai shi gindin darbejiya ta dire.

"Tashi ki koma can. Yara sun kasa cin abinci."

Hamdiya ta tashi ta koma. Ta ci loma biyu ta ture kwanon. Babu wanda ya ɗago kai ya dube ta, kuma daga ranar ba ta sake sa hannu a faranti ɗaya da kowa ba.

Abin ya soma ne tun watan da ta fara ganin al'ada. Wani wari ne ke tashi daga jikinta, kamar na kifin da ya kwana a rana. Yana cikin guminta, yana cikin numfashinta. Wata rana ya lafa har ta yi zaton ya tafi, wata rana ya taso ya cika ɗaki. Ita kanta ba ta cika jin sa ba. A fuskar mutane take ganin sa: yadda ake kawar da kai, yadda ake jan bakin mayafi a rufe hanci.

Sau uku take wanka a yini. Da asuba, da dawowa daga makaranta, da kuma gab da magariba. Da aka ce tana ƙarar da ruwan gida, sai ta koma ɗebo nata da kanta daga burtsatse, jarka biyu safe da yamma. Ta dirje jikinta da soso da sabulun salo har fatar ta yi ja. Ta goga alif a hammata, ta matsa lemon tsami, ta tsuguna a kan kaskon turare har idonta ya yi ruwa. Kayan makarantarta kullum a kan igiya suke, hijabinta ya koɗe tun zango bai ƙare ba. Duk wannan a gaban Maimuna ake yi, don banɗakin gidan yana kallon madafi ne. Amma in maƙwabciya ta shigo ta yamutsa fuska, Maimuna ce ke fara cewa yarinyar ƙyuya gare ta, ruwa kawai take watsawa ta fito.

Ubansu, Malam Almu, hatsi yake sayarwa a kasuwar Kebbe. Mutum ne mai son a gan shi fes: farar riga, hula a karye, turare a aljihu. Ra'ayinsa a kan maganar ɗaya ne, kuma bai taɓa sauya shi ba. Shi tun da yake bai taɓa ganin mai wanka yana wari ba.

A makaranta Hamdiya tana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma a lissafi babu mai kama ƙafarta. Benci na mutum uku ne, amma nata ya zama na mutum ɗaya. Yara suka sa mata suna Mai Kifi. In ta tashi za ta je allo, sai a fara tari daga baya. Ta jure. Ta koma zama bakin taga, ta daina ɗaga hannu, don ɗaga hannu buɗe hammata ne. Duk da haka ta ci gaba da zuwa, saboda a cikin littafi ne kawai ba a toshe mata hanci.

Wata ranar kasuwa wani abokin cinikin Malam Almu, wanda ɗiyarsa ke aji ɗaya da Hamdiya, ya tambaye shi cikin raha ko ya fara sayar da kifi ne a gida. Mutane suka yi dariya. Malam Almu ma ya yi. Da ya dawo gida ko takalmi bai cire ba ya ce daga gobe ta zauna. Maimuna ta ce saura wata biyu jarrabawa. Ya ce shi rufa mata asiri yake yi, ɗiya mace in sunanta ya ɓaci a waje ba ya gyaruwa, in ta koyi tsabta sai ta koma. Islamiyya ma haka aka yi.

Sai maganar kwana ta taso. Bazara ta yi tsanani, ƙannenta suka ce ba sa iya barci. Aka mayar da tabarmarta ɗakin ajiya, tsakanin buhunan gero. Ba ta yi mako biyu a can ba Malam Almu ya ce hatsi yana ɗaukar wari, kada a kashe masa kasuwa. Aka share mata tsohon madafin da ke jikin turken awaki. Aka hana ta taɓa tukunya, aka hana ta ɗaukar jaririn maƙwabta, aka hana ta shan ruwa da moɗar randa. Aikin da ya rage mata shi ne sharar kashin awaki da wankin gida. Da haka sai aka samu sabon bayani: ai dole ta yi wari, tunda kullum tana cikin awaki.

Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali. Ta jira ubanta ya gama cin tuwo, ta durƙusa daga nesa kamar yadda ta saba, ta roƙe shi ya kai ta asibiti. Ta ce tana jin abin daga ciki yake fitowa, ba daga fata ba.

Ya dube ta sama da ƙasa.

"In tahi in ce wa likita mi? Ɗiyata na wari? A garin ga da kowa ya san ni? Asibiti na marasa lafiya ne. Ke sabulu ne maganinki."

Ta ce to, ta tashi.

Damina ta sauka, rufin madafin ya fara yoyo. Hamdiya ta rame. Ta rage magana, har ya zama in an kira sunanta sai ta zabura. Ta koma wanka sau biyar. Ta fara tunanin ko wani zunubi ta yi da ba ta sani ba, ta yi ta istigfari a kan tabarmarta. Safiyyatu ce kaɗai ke leƙo ta. Takan kawo mata man shafawa, ta tsaya a bakin ƙofa su yi hira kaɗan, wani lokacin ma ta yi mata kitso tana riƙe numfashi a ɓoye. Hamdiya tana ji, amma ba ta taɓa nunawa ba.

A cikin daminar nan ne maganar auren Safiyyatu ta kankama. Siddiƙ sunansa, malamin firamare ne daga Jabo, kuma suna son juna tun da daɗewa. Aka sa ranar kawo lefe bayan an yanke gero. Tun da aka sa ranar hankalin Maimuna ya tashi. Mata goma ko fiye za su shigo gidan, su zauna, su ci, su leƙa ko'ina. Ina za a kai Hamdiya?

Wata maƙwabciya ta ba ta shawara. A haɗa toka da kanwa da ruwan nan mai kaifi da ake wanke fararen kaya da shi, a shafa a hammata da matse-matsi, a bar shi ya bushe. Ta ce kwana uku ya isa, ko warin gawa ne zai fita.

Maimuna da kanta ta dama. Da aka shafa, Hamdiya ta ce yana ci. Uwar ta ce cin nan shi ne aikin. Hamdiya ta cije haɓar zani, hawaye na zuba, ba ta yi ƙara ba, don ita ma so take ya yi. Rana ta biyu fatar ta tashi ƙuraje masu ruwa. Maimuna ta ce dattin ne ke fitowa, ta sake shafawa a kai. Rana ta uku fatar ta saɓule. Ba a yi mako ba wurin ya kumbura yana zubar da mugunya, zazzaɓi ya rufe ta, hannuwanta biyu suka ƙi sauka, tana tafiya da su a buɗe kamar kazar da ruwa ya doka. Aka jiƙa mata ganyen darbejiya. Malam Almu ya ce zazzaɓin damina ne, kowa ma yana yi.

Allah ya kawo Gwaggo Asiya, ƙanwar Malam Almu da ke aure a Tambuwal. Ta zo ne a tsara yadda za a tarbi masu lefe. Ta gaisa da kowa, ta tambayi Hamdiya, aka ce tana kwance. Ta ce a wane ɗaki. Aka hau kame-kame. Da kanta ta bi ta bayan turke ta same ta, ƙuda na bin hammatarta. Ta ɗaga hannun yarinyar ta duba, ta yi salati, ta fito ta tsaya tsakar gida.

"Yaya, wagga ɗiya taka ce ko tsinto ta anka yi?"

Ya fara cewa ba ta san halin yarinyar ba ne. Ba ta tsaya ji ba. Ta naɗe Hamdiya a mayafinta, ta sa aka kira mai babur ya kai su tasha. Abin da Malam Almu ya iya faɗa kawai shi ne, in dai asibiti za a je, to a wuce da ita Tambuwal, kada a yi a Kebbe.

Kwana shida Hamdiya ta yi a gadon asibiti. Likitar mace ce, ba ta da yawan shekaru. Ta wanke ƙunar, ta yi tambaya a kan abin da aka shafa, ta girgiza kai. Da zazzaɓin ya sauka sai ta jawo kujera ta zauna dab da gadon, kusa ƙwarai, ba ta kawar da kai ba. Ta tambayi yaushe warin ya fara, yaushe ya fi tashi, me suke yawan ci a gida. Hamdiya ta ce wake, da ƙosai, da miyar busasshen kifi. Ta tambaye ta sau nawa take wanka. Hamdiya ta ce sau biyar.

Sannan likitar ta yi wa Hamdiya da Gwaggo Asiya bayani. Ta ce a nan ba su da na'urar da za ta tabbatar, amma duk alamun sun nuna wani ciwo ne da ake haihuwar mutum da shi. Akwai wani abu a cikin wasu abinci da jikin sauran mutane ke narkarwa, nata jikin ba ya iyawa, sai ya fito ta gumi da numfashi. Ba ya kisa, ba a ɗaukar sa a kwano ko a tabarma. Ba ya warkewa ɗungurungum, amma yana raguwa sosai in an rage kifi da ƙwai da wake, an bar dirzar fata. Ta ce yawanci gadonsa ake yi, daga wajen uwa da wajen uba duka, ko da su ba su da alamar komai.

Ta dafa kafaɗar Hamdiya ta ce, "Ba ƙazanta ba ce. Ko sau goma kike wanka a rana ba zai fita ba. Ba laifinki ba ne."

Hamdiya ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da fatarta ta saɓule. Ta roƙi likitar ta rubuta mata a takarda. Ta rubuta. A mota, duk ramukan hanyar Kebbe, takardar tana cikin tafin hannunta. Tana ta tsara yadda za a yi: Baba zai karanta, Inna za ta ji, za a mayar da tabarmarta ɗaki, wataƙila ma a bar ta ta koma aji.

Bayan la'asar aka zauna. Gwaggo Asiya ta maimaita abin da likita ta ce, ba ta rage komai ba. Maimuna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zani. Malam Almu ya saurara har aka zo kan maganar gado. Nan ya ɗaga hannu. Ya sa aka sake faɗa. Ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu.

"Maganar ga ta tsaya nan. Kada in ji ta a bakin kowa."

Gwaggo Asiya ta ce ba ta gane ba. Ya ce to ta gane. In mutanen Jabo suka ji cewa abin a jini yake, wa zai ɗauki Safiyyatu? Wa zai ɗauki ƙananan? Har 'ya'yan ita Asiyar sai an fara shinshina su. Ƙazanta ta mutum ɗaya ce, amma ciwon gado na dangi ne gaba ɗaya. Ya ce shi ba mugu ba ne, uba ne, kuma uba ba ya kifar da jirgi saboda mutum guda. Maganar abinci kuwa, ba za a ɗora tukunya biyu a gidansa ba, don maƙwabta za su tambayi dalili. In an gama biki a ga abin da za a yi.

Hamdiya ta dubi uwarta. Maimuna ba ta ɗago ba. Abin da ta ce kawai shi ne, Malam ya fi su hangen nesa.

Da safe Safiyyatu ta same ta a madafi. Wannan karon ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta shiga ta zauna a kan tabarmar, ta riƙe mata hannu tana kuka. Ta ce ta san an zalunce ta, amma don Allah ta yi haƙuri har a ɗaura. Ta ce uwar Siddiƙ mace ce mai bincike, in ta ji kalmar gado an gama. Hamdiya ta daɗe tana kallon hannun yayarta a cikin nata. Ta ce ba za ta faɗa ba.

Ranar lefe gidan ya cika. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera akwatuna, guɗa na tashi. An ce wa Hamdiya kada ta fito, kuma ba ta fito ba. Amma rana ta yi zafi, ga shi da wake Hamdiya ta karya kumallo, iska kuma ta juyo daga wajen turke. Wata dattijuwa, yayar uwar ango, ta ɗaga hanci. Ta ce dama sun ji ƙishin-ƙishin akwai wata ɗiya a gidan da ba a nunawa, kuma an ce kwanan nan ta kwanta asibiti. Su mutanen arziki ne, ba su zo tonon asiri ba, amma aure ba a yin sa a rufe. A kira ta su gani.

Aka kira ta. Ta fito a hankali, ta durƙusa a gefen tabarma ta gaishe su. Mata suka ja mayafi. Dattijuwar ta dubi Maimuna ta tambaye ta kai tsaye, ciwo ne ko mene ne.

Safiyyatu tana bayan labule. Gwaggo Asiya ta buɗe baki, Maimuna ta riga ta.

"Wane irin ciwo, Hajiya? Ƙazanta ce tsagwaronta. Mun yi faɗan, mun yi dukan, ba ta son ruwa. Asibitin ma ƙurajen datti ne sunka kai ta."

Dattijuwar ta saki ajiyar zuciya, fuskarta ta washe. Ta ce in dai wannan ne da sauƙi, kowane gida da irin nasa. Ta sa hannu a akwatin amarya ta zaro sabulu guda mai ƙamshi, ta miƙo daga nesa, ta ce, "Ungo, ɗiyata. Ki riƙa wanka, kin ji? Mace da tsabta anka san ta."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Hamdiya ta miƙa hannu, ƙunar da ba ta gama warkewa ba ta ja ta har cikin ƙashi. Ta karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Hajiya."

Aka ci gaba da buɗe akwatuna. Guɗa ta sake tashi.

An ɗaura auren bayan mako uku, an kai amarya Jabo lafiya. Washegari Gwaggo Asiya ta ce da Hamdiya za ta koma Tambuwal, kuma ba izini take nema ba. Malam Almu bai hana ba. A masallaci ya gaya wa mutane ya tura ta wajen gwaggonta ne ta koyo tsabta, aka yaba masa.

Mai babur yana jira a ƙofar gida. Hamdiya ta fito da kayanta a leda guda. Har ta kai zaure Maimuna ta biyo ta, ta waiga ta tabbata babu kowa, sannan ta matso kusa da ita, kusanci irin na uwa da ta daɗe ba ta yi ba. Ta gyara mata wuyan hijabi. Ta ce, "Ki yafe mini. Na san kina wanka."

Hamdiya ta dube ta. Idonta a bushe.

"Na san kin sani, Inna. Da ba ki sani ba, da tuni na yafe."

Ta fita ta hau bayan gwaggonta.

Yau Hamdiya tana Tambuwal. Ana dafa mata nata daban, warin ya ragu har wani lokacin sai an matso ake ji. Ta koma makaranta, aji ɗaya da yaran da ta girme su. Tabon ƙunar yana nan a hammatarta biyu, hannunta na hagu ba ya ɗaguwa sosai. Ba ta zuwa Kebbe ko da salla.

A Kebbe kuwa gidan Malam Almu yana nan da mutuncinsa. Babu wanda ya taɓa tuhumarsa da komai. Ana gaishe shi a kasuwa, ana neman shawararsa a kan tarbiyya, har an fara tambayar auren ƙananan 'ya'yansa. Iyaye mata a unguwar kuwa, in yarinya ta yi ƙyuyar shiga banɗaki, sukan ɗaga murya su ce mata ta yi maza, kada ta zama Hamdiya.